Kwatar da Muka Yashe daga Sama

Sati biyu da fita takaba na koma aiki. Mutane suka yi ta yaba mini, wai na yi tawakkali. Ni dai na san zaman gida ne ya ishe ni. Maigidana ya rasu a farkon shekarar, bayan jinyar da ba ta cika wata ba, kuma tun ranar da aka fita da shi wani abu ya ɗauke a jikina kamar yadda wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar guga. Ina ci, ina salla, ina amsa gaisuwa. Amma a ce mini an haihu ko a ce mini an mutu, duk abu ɗaya nake ji, wato ba komai.

Labarin ƙasa nake koyarwa a wata sakandare ta jeka-ka-dawo a gefen Hayin Banki, nan Kaduna, shekara ashirin da ɗoriya. Ranar da na koma, shugabar makarantar ta kira ni ofis. Mace ce mai kirki, sai dai ta yi imani duk wata cuta aiki ne maganinta.

"Malama, akwai wani shiri da aka kawo mana, na ce ke za ki riƙe," ta ce. "Zai ɗebe miki kewa."

"To, Hajiya," na ce. Da cewa ta yi in ɗauki tsintsiya in share unguwar Kawo kaf, amsar da zan ba ta ke nan.

Wasu matasa biyu ne daga wata ƙungiya suka yi mana bita ta kwana biyu. Abin da suke so, a bar ɗalibai su dubi makarantarsu da unguwarsu da idon kansu, su zana ta yadda take, sannan su sake zana ta yadda ya kamata ta zama don ta ɗore, kada a yi ta gyara yau gobe ta rushe. Daga nan su zaɓi abu ɗaya su yi da hannunsu. Na ga irin waɗannan shirye-shirye iri-iri. Na ga na dashen itatuwa, wanda awakin unguwa suka fi kowa amfana da shi. Na zauna dai, na ci shinkafar da aka raba a roba, na sa hannu a takarda, na dawo gida.

Yaran kam ba su san an taɓa yin wasu shirye-shirye sun mutu ba. 'Yan aji biyar ne, maza da mata, suka ɗauki abin da zafi. Wani ya ce a tara ruwan kwanon azuzuwa a tanki. Wata ta lura ruwan alwalar masallacin makaranta kullum sai ya kwanta ya yi kore, ga kuma itatuwan darbejiya biyu can suna mutuwa da ƙishi, ta ce a ja masa 'yar hanya zuwa gindinsu. Suka yi ta gardama har da buga benci. Ina zaune ina kallonsu, in an tambaye ni in ce, "Ya yi."

A layin baya, kusa da taga, akwai wata yarinya da ba a jin muryarta sai wajen kiran suna. Siririya ce, kullum takalminta da taɓo in damina ta yi. Da ta kawo tata taswirar, ko ni da ba na ganin komai a lokacin sai da na ƙara kallo. Ba ta zana tanki ko fure ba. Kwata ta bi. Makarantarmu a kan tudu take, kuma kwatar layin daga bakin ƙofarmu ta fara, ta gangara ta gaban mai shayi, ta wuce injin niƙa da masallacin layi, ta karya kwana, sannan ta shige ƙarƙashin titi ta wani kwalbati ta faɗa babban lambatu. Yarinyar ta bi ta taku-taku, duk inda shara ta tare ruwa ta sa alama. A can kusurwar ƙasa ta takardar, daidai bakin kwalbatin, ta zagaye wani gida da jan biro.

"Wannan fa?" na tambaye ta.

"Gidanmu ne, Malama. Ni da kakata. Kwalbatin ya toshe tun ina aji biyu. In an yi ruwa nan yake taruwa." Sannan ta ƙara da cewa, "Ɗakin na ƙasa ne. Bangon ya jiƙe har nan." Ta nuna gwiwarta.

Na ji ta sarai. Ba zan ce ban ji ba. Na ba ta maki mafi yawa a ajin, na sa aka dama sitaci aka manna taswirar a bango kusa da allo. Ajin kuma suka yarda baki ɗaya cewa aikin da za su yi da hannu shi ne yasar kwatar nan tun daga ƙofar makaranta har kwalbati. Ranar na ga haƙoran yarinyar, ashe tana da wushirya.

Da yake yara ba su san kan aikin ba, shugaba ta sa aka nemo wani dattijo Bazamfare da ke yasar kwata da rijiya a unguwar. Gajere ne, kaurinsa duk tabo, yana yawo da shebur ɗinsa da wani dogon ƙarfe mai lanƙwasa a kai. Muka bi layin ni da shi ran wata Alhamis. Muka gangara har kwalbatin. Ya tsuguna, ya zura ƙarfen, ƙarfen ya ƙi shiga. Ya dubi bangon gidan da ke gefe, ya dafa shi da tafin hannu.

"Malama, nan za mu fara," ya ce. "Aikin kwana guda na, in yaran ga na da ƙarfi. In mun buɗe nan, sai mu bi ta muna hawa."

Na ce to. Da na koma makaranta sai shugaba ta tare ni da labarin cewa mutanen ƙungiyar za su zo ran Talata su ga aiki su ɗauki hoto. Asabar ɗaya ke nan gare mu kafin su zo, don ranar kaɗai yara ke da sarari. Kuma motarsu a ƙofar makaranta za ta tsaya, ba wanda zai gangara layi cikin taɓo ya je duba kwalbati.

Shugaba ba ta ce in canja komai ba. Ni na canja. Na ce wannan Asabar a yashe sama, daga ƙofar makaranta zuwa masallaci, Asabar mai zuwa a yi ƙasa. Ban yi don neman suna ba, suna bai dame ni ba a lokacin, ba abin da ya dame ni. Na dai duba na ga wannan ce hanyar da ba za a dawo a yi mini doguwar magana ba.

Da safiyar Asabar na gaya wa dattijon. Ya jingina da shebur ɗinsa ya dube ni.

"Malama, ba haka aka yi ba. In anka yashe sama anka bar ƙasa, ruwan ina za shi?"

"Baba, sati ɗaya ne kawai."

"Sati guda cikin damana?"

"Baƙi za mu yi, Baba. Ka yi haƙuri."

Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya sake dubana. "To, ke ad da aiki," ya ce, ya shiga kwata.

Yarinyar tana nan tsaye da buhu a hannu, ta ji komai. Ta matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa. "Malama, ba daga wajenmu za a fara ba?"

"Asabar mai zuwa," na ce. Ban ko dube ta ba, ina ƙirga shebur.

Aiki kam an yi. Maza suka shiga har gwiwa, mata suna cika buhuna da baro. Abin da ya fito daga kwatar nan, sai wanda ya gani: ledar fiya wata ba iyaka, tsummokara, matacciyar kaza, rabin kujera. Mai shayi ya ba yara ruwa, liman ya fito ya sa albarka. Kafin azahar kwatar ta fito fes, har ana ganin simintin ƙasanta, abin da tsofaffin layin suka ce rabon da su gani sun manta. Yarinyar ta yi aiki kamar kowa, har ta fi wasu. Da aka tashi, sauran suka watse suna waƙa, ita kuma ta gangara layi ita kaɗai.

Ran Talata baƙi suka zo. Suka yaba ƙwarai. Aka tsayar da ni tsakiyar yara a bakin kwata mai tsabta aka ce in yi murmushi, na yi. Ɗayansu ya shiga aji ya ga taswirar a bango ya ce wannan ita ce irin fahimtar da suke nema, ya ɗauke ta hoto ita ma.

Ran Alhamis bayan la'asar hadari ya haɗu ta gabas. Ina gida a Unguwar Kanawa. Ga wanda bai san mu ba, muna da wata ɗabi'a a garin nan: da ruwa ya kece, sai kowane gida a fito da kwandon shara a juye a kwata, ruwa ya tafi da ita. Inda za ta je ba ruwan kowa. Na taso na tarar ana yi, na yi aure ina yi, na shekara ashirin ina shiga aji ina cewa babu kyau ina dawowa gida ina yi. Ranar ma da aka fara yayyafi na yafa tsohon zane, na ɗauki bokitin sharata na juye a kwatar ƙofar gidanmu, na tsaya ina kallo har ta ɓace a kwana. Na koma ciki na ɗora ruwan shayi. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har kusan magariba. Wallahi ko sau ɗaya jan biron nan bai faɗo mini a rai ba.

Daga baya na ji yadda abin ya kasance a layin makaranta. A da, sharar da ta cika kwatar ita ke rage wa ruwa gudu. Ya tsaya nan, ya malala filin makaranta can, ya shiga zauren wannan kaɗan, ya jiƙa rumfar wancan, kowa ya samu rabonsa, abin da ke isa ƙasa ya isa a gajiye. Mu kuwa mun share masa hanya. Mutanen layi suka ga kwata na gudu yadda ba su taɓa gani ba, kowa ya fito da sharar da ya tara, har da masu zazzage buhu. Duk wannan ya gangara lokaci ɗaya ya tarar da kwalbati a toshe. Ruwa ba ya hawa tudu. Wannan shi ne darasin farko da nake koya wa 'yan aji ɗaya duk shekara.

Ran Juma'a na shiga aji na ga wurinta ba kowa. Da na kira sunanta, wata da ke zaune kusa da ita ta miƙe.

"Malama, ɗakin kakarsu ya faɗi jiya."

Duk ajin suka ɗago. Ido arba'in da wani abu a kaina.

"An rasa rai?"

"A'a, Malama. Suna waje suna kwashe kaya."

"Alhamdu lillahi," na ce. "Ku fito da littattafanku."

Na yi darasin har ƙarshe, kan iskar da ke kawo damina. Ina rubutu a allo ina jiran in ji wani abu, ko faɗuwar gaba ko ɗacin baki. Ina ta saurare kamar mai jiran a ƙwanƙwasa ƙofa, ba wanda ya zo.

Asabar ta biyu muka je kamar yadda aka tsara. Yaran duk sun zo, amma ba waƙa. Bangon ya kwanta ciki, kan gado. Ana ganin ƙafar gadon ƙarfen ta leƙo daga cikin laka, kwanon rufi ya karkace gefe. Dattijon ya riga mu zuwa. Na gaishe shi, ya ce, "Sannu, Malama," ya ci gaba da zura ƙarfensa. Na so ya ce ai ya gaya mini. Na tsaya kusa da shi da gangan ko zai faɗa. Bai faɗa ba. Kafin azahar suka jawo wata tsohuwar katifa da tayar babur daga bakin kwalbatin, ruwan da ya kwanta ya yi wata ƙara ya wuce. Aikin rabin yini ne ma, bai kai kwana gudan da ya ce ba.

Tsohuwar tana gidan maƙwabta, an ba su rumfa sun raɓe. Bakatsiniya ce, daddawa take yi tana sayarwa, kuma buhunan kalwarta na shekara duk suna ƙarƙashin bangon nan. Na yi sallama na shiga. Tana zaune a tabarma, yarinyar na gefenta.

"Inna, malamarmu ce," yarinyar ta ce.

"Ayya, ke ce! Lale, lale. Shimfiɗa mata." Ta kama hannuna da hannu biyu. "Ashe an yi maki rashi, ɗiyata. Yarinyar nan ta faɗa mani, ƙafa ce ta hana ni zuwa. Ya haƙuri? Allah shi jiƙan shi, shi sa ya huta."

Ni da na zo jaje, sai ga ni ana yi mini ta'aziyya. Na amsa yadda na saba amsawa wata huɗu. Sannan na ce, "Inna, wannan abu da ya faru, mu ne muka…"

"Kai, haba. Ruwa na Allah ne. Ku da kuka gyara mana layi? Jiya har liman ke faɗi. Allah shi yi wa yaran nan albarka."

Na dubi yarinyar. Idonta na kan tabarma, tana jan wani zare da ya fito. Ba ta gaya wa kakarta ba ke nan. Har na tashi ba ta ɗago ba. Da zan fita tsohuwar ta sa aka ƙulla mini daddawa guda biyar a leda, cikin 'yar wadda suka samu fitarwa. Na ce a'a, ta ce in ban karɓa ba ta yi fushi. Na karɓa. Ta kwana uku a jakata kafin warin ya tuna mini da ita.

Uban yarinyar direban babbar mota ne, yana hanyar kudu lokacin. Da ya dawo ya ga ɗakin, ya ce ba zai sake tayar da gini a bakin kwalbati ba, kuma ba shi da inda zai ajiye su a Kaduna. Zai mai da su ƙauyensu ta wajen Malumfashi. Na tambayi ƙawarta ko akwai makaranta a can. Ta ce akwai, amma a aji uku ta tsaya. Na je wurin shugaba, muka yi maganar ko za a samu gidan da zai riƙe ta ta ƙarasa shekara ɗayan da ta rage mata. Aka aika wa uban, ya yi godiya, ya ce wa zai kula da tsohuwa? Maganar ta tsaya nan, ni ma ban sake tayar da ita ba.

Ana saura kwana uku a yi hutu ta zo makaranta, ba da kayan makaranta ba, da atamfa da hijabi. Lokacin tara ne, yara sun fita, ina aji ni kaɗai ina duba takardun jarrabawa. Ta yi sallama ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malama, gobe za mu tafi. Na zo sallama."

"Allah ya kiyaye hanya," na ce. "Ki riƙa karatu ko a gida ne."

"To." Ba ta tafi ba. "Malama, don Allah ko zan iya karɓar taswirata? Can ma ruwa na shiga gidaje. Ina so in nuna musu yadda ake zanawa."

Na tashi na je bangon. Sitacin ya kama sosai, ga danshin damina. Na sa farce na fara ɓamɓarowa daga sama a hankali. Ƙofar makaranta ta fito, mai shayi ya fito, injin niƙa, masallaci, kwana. Da na zo kusurwar ƙasa sai takardar ta ƙi. Na ja kaɗan, ta yage. Kwalbatin da gidan da jan biron suka zauna a bango.

"Tsaya in samo reza in kankaro miki," na ce.

Ta karɓi abin da ke hannuna, ta dubi wurin da ya yage, ta naɗe takardar a hankali.

"Ki bar shi, Malama. Ai gidan ma babu shi."

Ba da gatse ta faɗa ba. Da gatse ne da na ji sauƙi. Ta durƙusa ta ce in yafe mata in ta taɓa yi mini laifi, na ce ba ta yi mini komai ba, ta fita.

Tun da aka fita da maigidana ba abin da ya shige ni sai wannan magana. Kunya ce, kuma ta yi zafi ƙwarai. Na zauna a bencinta na layin baya, kusa da taga. Daga nan ana hango kwatar tana gangarawa fes har kwanar masallaci, ban taɓa sani ba sai ranar. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka shigo suka same ni a wurin, suka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya zauna.

Da aka dawo hutu aka kawo mana takardar yabo mai gilashi, tana ofishin shugaba. An yi tankin, darbejiyar ma sun farfaɗo. Bara masu fenti suka zo, ɗayansu ya sa wuƙa zai kankare 'yar takardar da ke gefen allo, na ce ya zagaye ta. Ya dube ni, ya ce, "Malama, ai datti ne." Na ce na sani, ya zagaye ta.